Omorate ko Ileret: Ta Wace Ƙofa Za Ka Shiga Ƙasar Makiyayan Daasanach?

Wani ƙanena da ya karanta likitancin dabbobi ya samu ɗan tallafin bincike. Kuɗin ba su kai a yi fariya da su ba, amma sun isa tikitin jirgi da zaman 'yan makonni. Yana so ya ga yadda makiyayin bakin ruwa yake raba ƙafa tsakanin garke da gona da koma, sai malaminsa ya ce ya duba Daasanach. Da ya buɗe taswira sai ya tarar mutanen suna ƙasa biyu, kuma kowace tana da garin da ake sauka: Omorate a kudancin Habasha, Ileret a arewacin Kenya. A tsaye, tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba. Ya zo ya same ni ya ce, "Yaya, ai duk ɗaya ne ko? In ɗauki mai arha kawai?"

Ba ɗaya ba ne. Jama'a ɗaya ce, harshe ɗaya, auratayya ba ta yanke ba, amma abin da idonka zai gani a nan ba shi zai gani a can ba.

Daasanach ba su da yawa. Ƙidayar Habasha ta 2007 ta ba su mutum 48,067, ta Kenya ta 2019 ta ba su 19,337, akwai kuma 'yan tsiraru da ke bin kiwo har cikin yankin Ilemi da Kenya da Sudan ta Kudu suke jayayya a kansa. Harshensu na reshen Kush ne, ɗaki ɗaya da Oromo da Somali, kuma can sama a babban gidan harsunan Afirka da Asiya suna haɗa kaka da Hausa. Dangantaka ce ta nesa ƙwarai, ko gaisuwarsu ba za ka tsinta ba. Maƙwabta sun laƙa musu sunaye iri-iri: Turkana na ce musu Merille, mutanen tsaunukan Habasha na cewa Geleb, a Kenya za ka ji Shangilla. Kai dai kira su da sunan da suke kiran kansu. Sun kasu gida takwas, mafi girma su ne Inkabelo. Biyu daga ciki, Randal da Koro, asalinsu Rendille da Samburu ne da suka shigo suka narke. Wannan ya nuna maka irin ƙasar: wuri ne da a dā wanda fari ko annoba ta tsiyata yake gudowa ya samu hatsi.

Hatsin shi ne bakin zaren duk wannan kwatanci. Rayuwar Daasanach kamar murhu take, duwatsu uku: kiwo, noman bayan ambaliya, da su. Kiwo ne ake alfahari da shi, shi ake yi wa waƙa, amma tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. A Omorate za ka ga duwatsun uku duka, har da wanda ya tsage. A Ileret biyu ne kawai.

Abin da kogi ke yi

Kogin Omo yana tasowa daga tsaunukan tsakiyar Habasha, ya yi tafiyar kusan kilomita 760, ya zube a Tafkin Turkana. Shi ke kawo wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga tafkin. Ƙasar Daasanach kanta ba ta samun damina ta kirki. Ruwan da ke rayar da su a can sama yake sauka, daga Yuni zuwa Satumba, sai ya iso musu a matsayin ambaliya wajen Agusta da Satumba, ya malale gaɓa da fadamu, ya bar laka mai taki. Da ruwa ya fara ja sai a bi sawunsa da sanda ana tona rami ana zuba irin dawa, a haɗa da masara da wake da duma da taba. Ba ban-ruwa, ba takin kanti. Danshin da ƙasa ta sha shi zai kai shuka ga girbi, a wuri mai kyau ma har a ci gyauro. Lokacin da dawa ta fitar da kai yara ke hawa dandamalin itace suna harbin tsuntsaye da curin laka a bakin tsumagiya.

Duk wanda ya san noman masakwa a ƙasar firgi ta Dikwa da Ngala ya san dabarar, sai dai can dashe ake yi, nan kuwa shuka ce kai tsaye. Abin da ya fi muhimmanci ga mai nazarin dabbobi shi ne ambaliyar ba gona kawai take shayarwa ba. Ita ke fito da ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani, lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Shanu su sauko fadama, bayan girbi su ci kara, damina ta faɗi su koma tudu su huta da sauro da tsando. Gida yakan rabu biyu: tsofaffi da mata da ƙananan yara da 'yan shanun tatsa suna babban zama kusa da gona, samari suna mashekari da sauran garke, abin da suke kira forich.

Wannan tsari ne madatsar ruwa ta Gibe III, da aka gina a kan Omo, ta taɓa. An fara gininta a 2006, tsayinta mita 243, ƙarfin lantarkinta megawat 1,870. An toshe ruwa don cika ta a farkon 2015, aka ƙaddamar da ita a Disambar 2016. Tun daga nan Omo ya daina numfashi irin na dā. An yi alƙawarin a riƙa sakin ambaliyar kwana goma kowace shekara, amma ruwan da aka buɗe wa ƙofa na 'yan kwanaki bai maye wanda yake kwanciya makonni yana jiƙa ƙasa ba, kuma lakar da ke takin gona tana kwantawa ne a bayan madatsar. Ga kuma gonakin rake na Kuraz da aka fara a 2011 suna jan nasu rabon kafin ruwa ya iso ƙasa. Mutumin Hadejiya ko Nguru ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya ga abin da Tiga ta 1974 da Challawa ta 1992 suka yi wa fadamarsa.

Sai kuma abin ya juye ta inda ba a zata ba. Daga wajen 2020 tafkin ya riƙa cika yana hawa, ruwa ya tokare a bakin kogi, ya mamaye ƙauyuka da makiyaya a gundumar Dasenech, ya raba dubun-dubatar mutane da muhallinsu, har garin Omorate bai tsira da barazana ba. Wani zai ce ai ga ambaliyar da ake kuka babu ta dawo. A'a. Ambaliyar da ke ciyar da su ita ce mai zuwa ta tafi. Wadda ta zo ta zauna ba ta barin gona, ba ta barin ciyawa, sai sauro da kwalara.

Don haka wanda ya je Omorate yau zai ga tsarin noma da kiwo mai tsohon tarihi a daidai lokacin da yake rangaji. Ga mai bincike, babu inda ya fi nan tambayoyi.

Inda babu kogi

Ileret tana gabas maso arewacin tafkin, a gundumar Marsabit. Babu kogi mai gudana. Rafuka ne na yashi da ke kawo ruwa kwana ɗaya ko biyu in an yi sama, sauran shekara sai a tona cikinsu a kwarfi abin da ya taru. Ruwan tafkin yana nan shimfiɗe, tsawonsa wajen kilomita 250, amma ruwan kanwa ne mai gishiri-gishiri. Dabba na sha, mutum ma na sha in dole ta yi, kuma za ka ga shaidarsa a haƙoran mutane da suka rine. Noma kusan babu. Hatsi daga ƙetaren iyaka yake zuwa, daga 'yan'uwa na bakin Omo, ko daga motar 'yan kasuwa, ko daga agaji. In Omo bai yi ambaliya ba, tukunyar Ileret ma tana ji.

Garken nan ya fi karkata ga tumaki da awaki, da jakunan ɗaukar kaya da ruwa. Shanu suna nan, darajarsu ba ta ragu ba, amma ƙasar ba ta ɗaukarsu da yawa. A kudu kuma akwai gandun dajin Sibiloi da aka kafa a 1973, mai faɗin murabba'in kilomita 1,570, wanda doka ta hana kiwo a cikinsa alhali nan ne mafakar rani ta kakanni. Tsakanin makiyayi da ma'aikacin gandun daji, labarin da muka sani ne. Farin 2020 zuwa 2023, da damina biyar a jere suka gaza a Ƙahon Afirka, ya yi wa wannan yanki mugun duka. Dabbobi sun zube, tamowa ta kama yara har ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa aiki a Ileret a 2022.

Anan ne dutse na uku ya girma. A al'adar Daasanach, wanda ya rasa shanu ya koma cin kifi da farautar kada da dorina ana ce masa dies, kuma ba suna ne na yabo ba. Sai dai ƙofar ba a kulle take ba: in ya tara ya sayi awaki, awaki suka zama maraƙa, ya dawo cikin masu garke. Yau bakin tafki cike yake da 'ya'yan masu shanu suna jan koma. Giwan ruwa da karfasa ake kamawa, a tsaga, a zuba gishiri, a shanya, manyan motoci su kwasa zuwa Busia har Kwango. Wanda tambayarsa ita ce me makiyayi ke zama bayan garke ya ƙare, Ileret ce makarantarsa.

Ta fuskar cututtukan dabbobi ma wuraren sun bambanta. Gaɓar Omo mai duhuwa da danshi ita ce gidan sammore da ciwon hanta. Ileret busasshiya ce, matsalarta ta fi zama yunwa da ƙishirwa da cututtukan ƙananan dabbobi masu bin garke daga rijiya zuwa rijiya, ga nisan da ke sa allurar rigakafi ta lalace kafin ta iso.

Hanya

Nan kam babu gasa. Jirgin Ethiopian Airlines yana tashi daga Kano da Abuja da Yamai da Njamena da Akara zuwa Adis Ababa. Daga can akwai jirgin cikin gida zuwa Jinka, wadda a dā ita ce hedikwatar shiyyar Omo ta Kudu. Daga Jinka mota ce ta Key Afer da Dimeka da Turmi, wajen kilomita 200 gaba ɗaya, 70 na ƙarshe daga Turmi zuwa Omorate. Mutum zai iya barin Kano yau, jibi ya yi sallar azahar a bakin Omo. Akwai gada a kan kogin yanzu, ko da yake har gobe ana tsallakar da baƙi a kwalekwalen gungume don marmari. Ka riƙe fasfo a aljihu, domin gari ne na iyaka kuma akwai ofishin shige da fice da ke dubawa.

Ta Kenya kuwa, kwalta za ta kai ka daga Nairobi ta Isiolo har Marsabit, fiye da kilomita 500. Daga nan sai haƙuri. Ko ka ratsa hamadar Chalbi ta Kalacha da North Horr, ko ka sauka tun daga Laisamis ka bi hanyar da aka gyara saboda tashar lantarkin iska mai fanka 365, ka faɗa Loiyangalani, ka haura ta Sibiloi. Kowacce ka ɗauka, duwatsun aman wuta ne masu yanka taya, da yashi, da zangon da za ka wuni ba ka ga mota ba. Kwana uku zuwa huɗu daga Nairobi, da Land Cruiser mai lafiya, da jarkokin mai da na ruwa, da taya biyu na ajiya. Masu hankali mota biyu suke tafiya. In ruwan Afrilu ya sauka, Chalbi takan zama taɓo mai haɗiye mota. Akwai filin saukar ƙananan jirage a Ileret, amma shatar jirgi ba ta mai ɗan tallafi ba ce.

Ƙanena ya ce to me zai hana ya sauka Omorate, ya yi mako biyu, ya gangara Ileret tunda kusa ne? Badaasanace yana yin haka da jakinsa ba mai tambayarsa. Kai baƙo ne. Babbar mashigar hukuma tsakanin ƙasashen biyu Moyale ce, can gabas da nisa, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar da aka tsinta a arewacin Kenya babu hatimin shiga ya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfin bincikensa. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Dokokin biza na ƙasashen biyu suna yawan sauyawa, a duba su a makon da za a sayi tikiti.

Kuɗi ma haka suke bin hanya. A Habasha kashe-kashen ƙanana ne amma ba sa ƙarewa: hayar mota da direba kullum, ɗan jagora, kuɗin shiga ƙauye, kuɗin kwalekwale, kuɗin hoto. A Kenya abu ɗaya ne ke cinye aljihu, mota da manta, kuma shi kaɗai yakan fi duk waɗancan a haɗe.

Sauƙin da ke da farashi

Sauƙin zuwa Omorate shi ne kuma cutarta. Kwarin Omo ya daɗe a kan hanyar 'yan yawon buɗe ido. Safiya na yi motoci ke isowa daga Turmi, a tsallaka kogi, a shiga ƙauyukan da ke daura da gari, a yi awa ɗaya ko biyu, a juya kafin rana ta yi zafi. Mutanen ƙauyukan sun gane abin da kyamara ke so. Hotunan nan da ke yawo a intanet na 'yan mata da hular marafan kwalba da madaurin agogo a ka, yawancinsu daga nan suke, kuma adon yakan ƙaru ne in an hango mota. Ban ga laifinsu ba. Wanda aka tare wa kogi, in ya sayar da hoto ai sana'a ya samu. Amma kada mai bincike ya ruɗi kansa cewa ya ga kiwo. A lokacin da baƙi ke isowa, shanu sun daɗe da fita.

Maganin abin ba wuya: ka kwana. Ka nemi tafinta ɗan ƙabilar, ba ɗan jagorar da ya taso daga Adis Ababa ko Arba Minch ba, wanda shi ma baƙo ne kamarka. Ka yi nisa da ƙauyukan bakin gada. Da asuba za ka ga abin da ka zo nema: mata na tatsa, ana dafa ɓawon gahawa a tukunya ana rarrabawa a ƙwarya, dattijo ya kurɓa ya fesa wa 'ya'yansa don sa albarka yana kiran Waag, sunan Ubangiji a harshensu. Za ka ga saurayi da san da ya fi so, wanda aka gyara wa ƙaho, wanda yake amsa sunan launinsa kuma yake yi wa waƙa. Za ka ga ɗakunan da mata ke ginawa kamar kifaffiyar ƙwarya, da rassa da fatu da tabarmi, yanzu har da gutsattsarin kwano, waɗanda ake kwancewa a ɗora wa jaki in tashi ya zo.

Ileret ba ta da wannan kasuwar hoto, domin mai zuwa ba shi da yawa. Baƙin da ta saba da su masu tonon ƙasa ne. Tun 1968 Richard Leakey, mai binciken ƙasusuwan mutanen farko, ya fara aiki a Koobi Fora da ke kudu da Ileret, a 1972 aka tono wani shahararren ƙoƙon kan mutanen farko mai lamba 1470, a kusa da Ileret kuma aka gano sawun ƙafar mutanen farko mai shekara miliyan ɗaya da rabi, aka bayyana shi a 2009. Cibiyar Turkana Basin Institute, wadda Leakey ya kafa tare da jami'ar Stony Brook ta Amurka, tana da sansani a nan. Akwai kuma mishan na Katolika da wani limamin kirista Bajamushe ɗan gidan sarautar Bavariya, Fada Florian, ya daɗe yana jagoranta har rasuwarsa a 2022, inda aka gwada makarantar tafi-da-gidanka mai bin makiyaya. Ma'ana, in kana da wata cibiya a bayanka, Ileret tana da inda za ka jingina. In ba ka da kowa, babu masauki na a-zo-a-gani, babu motar haya mai lokaci, babu wanda ke jiranka. Kenya kuma tana son mai bincike ya riƙe lasisin NACOSTI, hukumar da ke ba da izinin bincike, kafin ya fara. A Habasha madogararka Jinka ce: akwai jami'a, akwai cibiyar binciken Omo ta Kudu mai gidan tarihi, kuma takardar gabatarwa daga shiyya zuwa gunduma ita ke buɗe ƙofofi.

Harshe ya ɗan rinjayar da ma'auni zuwa Kenya. Yaron da ya yi makaranta a Ileret yana jin Turanci da Swahili, ɗan Najeriya ko Gana zai yi magana da shi kai tsaye. A Omorate harshen ofis da kasuwa Amharik ne, wani lokaci sai magana ta bi baki biyu kafin ta iso ka. Wani tarko kuma yana ɓangarorin biyu: da Amharik da Swahili duk daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. In direba ya ce ƙarfe ɗaya, bakwai na safe yake nufi. Ka tambaya agogon wa ake magana.

Bindiga

Ba zan ɓoye wannan ba. Daasanach suna zagaye da maƙwabtan da suke gaba da su lokaci-lokaci: Turkana a yamma da kudu maso yamma, Nyangatom a arewa, Hamar a gabas, Gabra a kudu maso gabas. Kalashnikov ta cika yankin tun ƙarshen shekarun 1980, da yaƙin Sudan da faɗuwar gwamnatin soja ta Derg a Habasha a 1991. Todonyang, a gaɓar yamma ta tafkin, ta ga kashe-kashe a Mayun 2011, ta sake gani a Fabrairun 2025, wannan karon a kan wuraren su. Da can a kan shanu da ciyawa ake faɗa, yanzu kifi ya shiga lissafi.

Ɗan arewa da ya ga makiyayi da bindiga a kafaɗa gabansa zai faɗi, kuma da dalili. Sai dai a can rikicin na ramuwar gayya ne tsakanin ƙabilu, a wuraren kiwo da ruwa na kan iyaka, ba sana'ar tare baƙo ba. Haɗarin shi ne ka tsinci kanka a inda bai kamata ba ranar da bai kamata ba. Garin Omorate da hanyar Turmi suna da jami'ai da zirga-zirga. Yammacin kogi zuwa Ilemi da bakin tafki wajen Todonyang ba wurin zuwa ba ne sai da izinin gunduma da rakiyar mutanen wurin. A Kenya, doguwar hanyar kanta ita ce abin tsoro, domin tana ratsa ƙasar ƙabilu da yawa kuma taimako yana da nisa. Masana irin su Uri Almagor da Toru Sagawa, da suka zauna cikin Daasanach, sun rubuta wani abu da ya kamata a sani: mutum yakan ƙulla abota ta amana da wani har a cikin ƙabilar da ake gaba da ita, su yi musayar kyauta, su ba juna mafaka. Wanda ya shiga ta hannun mai irin wannan abota ya fi mai rakiyar ɗan sanda kwanciyar hankali.

Lafiya kuwa kusan kunnen doki ne. Zafi yakan haura digiri 35 a duka biyun. Zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a bakin Omo, a tafi da gidan sauro da magani da katin allurar shawara. Bambancin shi ne daga Omorate asibitin Jinka tafiyar sa'o'i ce, daga Ileret kuwa babban asibiti tafiyar kwana ce.

Musulmi zai tambayi abinci. Yawancin Daasanach suna kan addinin gargajiya, wasu sun shiga Kiristanci. Suna shan jinin dabba gauraye da madara, masunta na cin kada. Ba wanda zai tilasta maka, kuma in ka ce addininka ya hana za a gane, don sun saba da 'yan kasuwa Musulmi. Madara da dafaffiyar dawa da kifi sun ishe ka. In kana son nama, sayi akuya ka yanka da hannunka ka raba da masu masauki, ka ga ka jefi tsuntsu biyu.

Wata nawa, kuma wa ya dace da ina

Mai son ganin gona a Omorate ya nufi tsakanin Oktoba da Janairu, daga shuka zuwa girbi. Bikin dimi, wanda shi ne mafi girma a rayuwar namiji, da rani ake yinsa. Uban da ya haifi 'ya mace ke yi don a sa mata albarka, ya sha ado da fatar damisa da gashin jimina, ya yanka shanu wajen goma da ƙananan dabbobi wajen talatin, daga nan ya shiga sahun dattawa. Ka lura da lokacin: ana yankan ne sa'ad da madara ta ƙafe kuma jama'a ke bukatar nama. Ba shi da ranar da aka buga a kalanda, dattawa ke sa shi, kuma shekarar fari takan ɗage shi. Ya kamata a sani cewa bikin share fage ne ga kaciyar 'yan mata, wadda dokar Habasha ta 2005 da ta Kenya ta 2011 duk suka haramta, amma ba ta mutu ba. A Ileret kuwa hanya ce ke zaɓa maka lokaci: Yuni zuwa Satumba, ko Janairu da Fabrairu. Wanda kallo kawai yake so ba zama ba, akwai bikin al'adu da ake yi a Loiyangalani tun 2008, inda Daasanach ke zuwa tare da sauran ƙabilun tafkin, ya huta da sauran hanyar.

Ga yadda na yanke wa ƙanena. Tambayarsa a kan haɗuwar garke da gona da koma take, kuɗinsa kaɗan ne, kwanakinsa ba su kai wata biyu ba, kuma ba shi da wata cibiya a Kenya. Omorate. Haka zan ce wa ɗan jarida, da ɗalibin da ke son kwatanta Omo da Komadugu ko Tafkin Cadi, da duk wanda wannan ce tafiyarsa ta farko. Sharaɗin kawai kada ya yi ziyarar awa biyu ya dawo yana ba da labari.

Ileret ta mai dogon numfashi ce: wanda aikinsa ya shafi ruwan sha, ko tamowa, ko tumaki da awaki a ƙasar da ba ta da fadama, ko rigimar makiyayi da gandun daji, kuma yana da wata uku da mota da masu karɓarsa. Shi zai samu abin da na Omorate ba zai samu da sauƙi ba, wato mutanen da ba su gaji da baƙo ba.

Na ƙara masa da abu biyu. Ya sayi ɓawon gahawa da ganyen taba a kasuwar Omorate ya riƙa kai wa dattawa, don su ne goron ƙasar. Kuma kada ya kuskura ya buɗe littafi ya tambayi mutum shanunsa nawa. Ya yi dariya ya ce ai ko a rugar bayan garinmu ba a yin wannan. Ya sayi tikitin Nuwamba, yanzu yana ta aika saƙo Jinka yana neman tafinta wanda aka haifa a bakin kogin.